Motocin Garin Nan Ke Suke Jira

Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Baba da Auta. Ya gwiwar nan taki? Ki daure ki riƙa shafa maganin, ko da Baba zai yi ta mitar warinsa.

Ni lafiyata ƙalau, muna nan muna fentin titi. Tsayuwa ce kawai take ɗan kumbura mini ƙafa, amma da na cire takalmi take sacewa. Kada ki sa a ranki.

Kwanaki muka zana wurin tsallakawa a gaban wani asibiti, aka kafa fitilar tsayar da motoci. Injiniya ya tsallaka da sauri, ya ce lokacin da aka ba masu ƙafa ya isa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ba ka da ciwon gwiwa."

Na ajiye burushina, na yi irin tafiyarki, ina jan ƙafar hagu. Ina tsakiyar titi fitila ta saki motoci, direbobi suka yi ta danna mini hon. Abokan aiki suka bushe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Sake." Sau uku ina sakewa yana duban agogo. Washegari aka ƙara lokacin.

Yanzu Tsohuwa suke kirana, kuma wallahi ina amsawa.

Ki gaida kowa, ki ci gaba da sa mini albarka. Inna, ba ki taɓa taka garin nan ba, amma kullum motocinsa ke suke jira.

Ɗanki mai fenti.