Baffan da ya rufe mana makaranta yana jiran in gode masa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Ni Bahaushiyar Sudan ce, na haura sittin, daga wani ƙauye a bakin kogi tsakanin Sinja da Abu Hujar. Ni ke faɗa jikata ke danna waya, ita ce ma ta nuna mini ku, ta ce kwanan nan kun yi ta musu a kan ko ya kamata a riƙa rufe makaranta idan zafi ya yi yawa. Na sa ta karanta mini, na ji masu zama ƙarƙashin fanka suna ta zuba, wai lafiyar yara ita ce gaba da komai, kamar mu iyayen da ke fita nema ba mu san lafiyar yara ba. Don Allah ku ba ni shawara, domin ni maganar nan ba musu ba ce a wurina, rayuwata ce, kuma mutumin da ya jawo ta yana kwance yana jiran abin da zai fito daga bakina.

Baffana ne, ƙanin mahaifina. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Inna ce ta riƙe ni da ƙanena da aikin ƙodago a gonakin mutane. Shi kuwa Baffa a shekarun alif ɗari tara da saba'in ɗin nan yana da ɗan kanti da rediyo, kuma ya taɓa zuwa birnin Madani, tun daga nan ya daina ganin mutane. Farar jallabiya, rawani kamar an ɗora masa kwando, ƙasa ba ta taɓa shafar gefen rigarsa ba. Ko akuya zai kora da Larabci yake korarta, Hausa sai in zagi ya taso. Irin mutanen nan ne da ba su taɓa riƙe lauje ba amma su ne ke gaya wa manomi ranar girbi. Da aka ce a kafa komitin iyaye na makaranta, ba wanda ya zaɓe shi, shi ya zaɓi kansa ya zauna.

Makarantar nan iyayenmu ne suka gina da aikin gayya, ɗaki biyu na laka da rufin ciyawa, gwamnati ta turo mana malami, muna ce masa Ustaz, aka sauke shi a gidan Baffa. Maza da mata a haɗe muke, don ƙauyenmu bai kai a ba shi makaranta biyu ba. Ɗakunan akwai sanyi, iska na shiga ta ko'ina. Ina aji huɗu, kuma ba yabon kai ba, ni ce ta ɗaya. Ɗan Baffa, Sale, ajinmu ɗaya, a bayana yake zama yana leƙen lissafina, in na kare da hannu ya ja mini gyale.

To sai ƙauyen Larabawa da ke kusa da mu aka yi musu makaranta da rufin kwano, wanda mu nan muke ce wa zinki. Wani ya yi ba'a a kasuwa, wai 'ya'yan Hausawa a garken awaki suke karatu. Maganar nan ta hana Baffa sukuni. Ya tara komiti, aka yanka wa kowane gida dawa, har Inna mai marayu sai da ta auna ta bayar. Aka yaye ciyawar nan mai albarka aka ɗora kwano, ƙasa-ƙasa, ba silin ba komai, dogon yaro in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Aka yanka rago, Baffa ya yi jawabi da Larabci, rabin mutanen ba su ji me ya ce ba suka tafa.

Damina ta rufa masa asiri. Da ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya sauko, wanda ya san ƙasarmu ya san shi, iska ta tsaya cik, ƙasa na fitar da tururi. Kafin hantsi ya yi nisa ajin ya zama tanda, kana jin kwanon yana ƙas-ƙas a kanka. Yara suka fara faɗuwa. Yau ɗiyar masunci, gobe ɗan mai jaki, a ɗebo ruwa a randa a sheƙa musu, a jingine su a bango, karatu ya ci gaba. Komiti bai zauna ba, Baffa bai ji labari ba, ko ya ji ya ce ragwanci ne. Ranar da Sale ya yi haɓo, jini ya ɗiga a farar rigarsa, a ranar aka gano cewa akwai zafi a duniya. Kafin la'asar an buga taro.

Sai na bayyana muku wani abu, don ku gane abin da rufe makaranta yake nufi a lokacin. Zafin nan yana zuwa ne daidai da yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube a ƙasa, shi ya sa masu manyan gonaki ke turo lori ta kwashi ma'aikata zuwa daji, can nesa, a zauna a bukkoki har a gama. Abin da uwa ta samo a wannan tafiya shi gida zai ci har wata damina. Mata irin Inna suna da dabararsu, ƙananan yara a tafi da su, 'yan makaranta a bar su wurin wata tsohuwa, Gwaggo Hajo. Sharaɗinta ɗaya, rabin yini suna makaranta, ita ta ji da sauran rabin. Idonta ya yi rauni, kogi kuma ga shi a bakin gari, ta ce ba za ta iya tsaron yara daga safe har dare ba, kada ruwa ya ci ɗan wani a hannunta. Kuma gaskiyarta ne.

Da matan suka ji abin da komiti ke shirin yi, suka aika Gwaggo Hajo da saƙo, don mace ba ta shiga taron. Suka ce kada a rufe, a fito da yaran ƙarƙashin bishiya, a fara karatu bayan asuba a tashi kafin rana ta yi ƙarfi, in ma rumfa ake so su za su yanko ciyawa. Wallahi ko yau ka kai wannan shawara gaban mai hankali zai karɓa. Baffa ya dubi tsohuwar nan ya ce, "Wagga madarasar hukuma ce, ba makarantar allo ba. Mu koma gindin icce, mi Larabawa za su ce? Halas, magana ta ƙare, an rufe sai zafi ya sauka." Ba rana, ba wata, sai zafi ya sauka, kamar shi da zafin sun yi alkawari.

Lori kuma tana bakin kasuwa tana jira. Inna ta kama hannuna muka je gidansa, ta durƙusa, ta ce ya riƙe ni tunda ɗiyar wansa ce, in yi wa matarsa aiki, in an buɗe in koma aji. Yana kishingiɗe yana murɗa rediyo, ya ce gida ya cika, ga Ustaz ga baƙi. Inna ta sake roƙo, ya ce, "Ki tai da ita mana, ai ba narkewa za ta yi ba." Jama'a ku auna wannan. Mutumin da ya rufe makaranta don kada zafi ya taɓa ni a ƙarƙashin rufi, shi ne ya tura ni filin da babu ko inuwar kara.

Ba zan cika ku da labarin dajin ba. Baƙar ƙasa mai tsagewa, ba bishiya iyakar ganinka, ruwan sha a ganga ya yi zafi kamar na wanka. Inna na yanka ina ɗaure dami, ƙanena a bayana. Mu da yawa ne 'yan ajinmu a can, da dare muna karanta wa juna haddar da aka ba mu don kada mu manta, muna cewa an kusa buɗewa. Amma wanda lori ta kai, lori ce ke dawo da shi, kuma mai gona ba ya tada mota don 'yar makaranta. Ana gama riɗi aka shiga yankan dawa. Sai da sanyi ya shigo sosai muka ga gida.

Washegari na wanke rigata na tafi makaranta. Ustaz ya ce ba ni da wuri, na daɗe ban zo ba, an cire ni. A bakin yara na ji sauran. Ashe ba a daɗe da tafiyarmu ba aka buɗe. Kuma ashe tun makon da aka rufe ba a fasa karatu ba, gida kawai aka sauya masa. Ustaz yana zaunar da Sale da ƙannensa da 'ya'yan 'yan komiti a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da ke tsakar gidan Baffa, daga bayan asuba zuwa hantsi. Shawarar matan nan ce tsaf, wadda ya ce abin kunya ce. A gidan da aka ce ya cika.

Inna ta koma wurin Baffa, ya ce dokar hukuma ce, hannunsa a ɗaure yake. Hannun da ya yaye rufin gari guda, ya rufe makaranta da kalma ɗaya, shi ne ya kasa mayar da marainiya kan benci. Inna ba ta yi kuka a gabansa ba, ta ce Allah na gani, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake taka gidansa ba. Mu da lori ta kwasa a shekarar nan, ba wanda ya koma aji. Na yi ƙodago, na tsinci auduga, na sayar da shayi a tashar mota, daga baya na yi aure na haifi nawa, kuma duk sai da na ga sun yi karatu, ko da zan kwana da yunwa. Sale kuwa ya wuce makarantar kwana, yau Dakta ake ce masa. Yana gaishe ni da ladabi, yana aiko mini da maganin ƙafa, ban sani ba ko ya manta lissafin wa yake leƙe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baffa ya mayar da labarin nan abin alfaharinsa. Duk taron suna, duk zaman makoki, sai ya ba da shi, yadda ya tsaya tsayin daka ya ceci yaran gari daga mutuwa. Kwanon da ya jawo zafin ba ya cikin labarin, lori ba ta ciki, dalbejiya ba ta ciki. Manyan da suka san gaskiya sun mutu, matasa kuma suna gyaɗa kai suna cewa Hajji mai hangen nesa. Ni ina gefe da butar shayi ina jin su, na yi shiru, don a wurinmu ɗiya ba ta ƙaryata baffanta a gaban mutane.

Yanzu ya kwanta, Dakta ya ce a riƙa zuwa, jikin ba na tashi ba ne. Baffa ya sa a kira dangi a yafi juna. Na je. Ya rame ya zama kamar tsinke, amma bakin nan yana nan. Kowa ya matsa ya ce na yafe, ya fita. Da aka zo kaina ya riƙe hannuna, na zaci yau zan ji abin da na jira tun ina yarinya. Sai ya ce, "Ɗiyata, ke ma kina cikin waɗanda na fidda daga wutar nan. Ki yi mini addu'a, kila shi ne aikin da za ya cece ni." Na zare hannuna na ce zan dawo ranar Juma'a.

Gida ya rabu biyu. Maigidana ya ce in bar kaza cikin gashinta, mutum na bakin kabari, in ce na yafe in samu lada. Babbar ɗiyata ta ce in na yi haka na ci amanar Inna. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke damuna. Zafin gaskiya ne, ni ma na sha ganin jiri a ajin nan, kuma yau in jikokina suka dawo da ciwon kai hankalina tashi yake. Da an bar mu a ƙarƙashin kwanon wani ya mutu, da yanzu wani zagin nake yi. Ban ce kada a taɓa rufe makaranta ba. Na ce wanda zai rufe ya fara tambayar ina yaran za su in ya rufe, don ba kowane yaro ke da inuwa a gidansu ba. Shi bai tambaya ba, an ma gaya masa ya ƙi ji.

To ga ni, Juma'a ta matso, kuma ba tabbas zai kai wata Juma'ar. In na buɗe baki na faɗa masa abin da ya yi, zan karɓe wa mai mutuwa abu ɗaya da ya dogara da shi, dangi su ce na ƙarasa shi. In na ce na yafe a gaban mutane, na yi ƙarya, don har yanzu in na dube shi raini nake ji, kuma labarinsa ya zama gaskiya ke nan har abada, ni ce ma shaidarsa ta ƙarshe. In na ƙi zuwa, ina tsoron haɗuwata da Allah.

Malamai da iyaye da ke cikin zauren nan, ku faɗa mini tsakaninku da Allah. In faɗa masa ko in yi shiru? Na san yadda ake yafe wa wanda ya ce ya yi laifi. Wanda yake jiran godiya fa, yaya ake yafe masa?