Doki a Gonar Jemima

Madawa, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Cima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina maigidanki, ina jaririyar da ban taɓa gani ba? Da fatan kuna lafiya a Tawa. Ni lafiya lau, ana riƙona da kyau a gidan Kawu. Inna ma ta aiko daga Azarori cewa lafiya suke.

Yaya, a kolej ɗinmu Mushe Yunana mai koya mana lissafi ya kawo wani wasa, eshek sunansa. Kamar dara ne, amma akwai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, da wani babba da muke ce wa rumbu don ya yi kama da shi. Za a yi gasa a Tawa, kuma mace ɗaya za a ɗauka daga makarantarmu. Saura mu biyu, ni da Jemima, wadda uwarta ke aiki a asibitin mishan. Ban gaya wa kowa ba, amma ba don wasan na shiga ba. Shekara biyu ke nan ban gan ki ba.

Dokin ne ya dame ni. Mushe ya ce a tsakiyar allon wasan yana ganin gida takwas, a gefe huɗu, a lungu biyu kawai. Wai in kai shi tsakiya har cikin ɓangaren abokin wasa, in sa soja ya tsare masa baya, in bar shi nan. Ina kai shi. Amma da na gan shi tsaye cikin kayan mutane sai gabana ya faɗi, kamar ranar da akuyarmu ta shiga gonar gero aka kira Baba gaban maigari. Sai in maido shi gida. Jiya sau uku na yi haka. Mushe ya tambaye ni wa ya kore shi, kowa ya yi dariya.

Kuma in ya tsaya wuri ɗaya ba ya cin kowa, to aikin me yake yi?

Ranar Laraba za mu buga. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Husaina

Madawa, 13 ga Fabrairu

Yaya Cima,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan ku duka kuna lafiya.

Mun buga jiya. Na kai dokin tsakiya, na sa masa soja a baya, sannan na zauna a kan hannuna na dama don kada ya maido shi. Da hagu na riƙa tura sauran, Allah ya yafe mini. Dokin bai motsa ba, bai ci kowa ba. Jemima ce ta yi ta gumi. Duk inda ta ɗaga abu za ta ajiye, sai ta kalli dokin ta fasa. Can sai ta sa rumbunta ta cinye shi, sojana kuma ya cinye rumbun.

Yaya, hawaye suka zo mini. Abu ɗaya aka ce in tsare, ga shi an cinye. Na miƙe zan fita, Mushe ya ce in koma in zauna, wai rumbu ya fi doki daraja, ni ce a gaba. Sati uku yana mini faɗa a kan dokin nan, da aka cinye shi kuma yana murmushi! Na ci gaba da turawa, har Jemima ta kwantar da sarkinta ta miƙo mini hannu. Sai da na tambaye ta a hankali ko wa ya ci, ta ce ni ce.

Har yanzu ban gane ba, kuma ina tsoron a Tawa za a gane ban gane ba. Amma an rubuta sunana. Motarmu za ta iso tasha ranar Juma'a wajen azahar. Na yi tsawo, ban san ko za ki shaida ni ba. Ki duba wadda ke tsaye bayan kowa, da hijabi ruwan ƙasa. Ki zo da jaririyar.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Husaina