Ni na zubar da sunayen, Malam ake zagi

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a fara tsine mini, don na riga kowa tsine wa kaina.

Ni mace ce, a Tudun Wadan Gusau nake, sana'ata rubuta manhaja. Kafin damina wata ƙungiyar manoma ta ba ni aikin manhajar waya da wakilanta za su riƙa shigar da sunayen masu neman iri. A irin wannan aiki dole manhaja ta duba abin da aka rubuta, ta tantance harafi da lamba da shirme. Akwai hanyar da ta san haruffan kowane harshe, kuma wallahi na san ta. Amma sauri nake yi, sai na sa gajeren sharaɗi: duk abin da ba ya tsakanin A da Z ba harafi ba ne. Mafi muni, sunan da ya faɗi gwajin zubar da shi take yi, waya kuma ta nuna an karɓa. Hajiya shugabar ƙungiyar ta tambaye ni, “Kin gwada da kowane irin rubutu?” Na ce ƙwarai kuwa, ko kunya ban ji ba.

Wakilan garuruwan Wanke da Bunguɗu da boko suke rubutu, ba sa ma amfani da haruffa masu ƙugiya, nasu ya shiga lafiya. Wakilin 'Yandoto kuwa wani dattijon malami ne da ajami kawai ya iya, wayarsa ma haruffan Larabci ke kanta. Gida-gida ya bi cikin rana yana rubuta mutane. Ranar rabon iri a Tsafe aka karanta sunaye, babu mutum ɗaya daga unguwarsa. Ina wurin aka yi masa caa, wani ya ce ya sayar da rabonsu. Malam ya miƙo mini wayarsa, ya ce, “Ɗiyata, duba mani. Duk wanda anka ce in rubuta na rubuta shi, mi ya faru?” Kallo ɗaya na yi wa ajamin nan na gane komai. Kun san abin da na ce? Na ce, “Baba, wataƙila ba ka danna daidai ba.” Wace irin mutum ce ni?

Da na koma gida layi biyu na canza a rubutun manhajar, shi ke nan ta gyaru, ban gaya wa kowa ba. Amma an riga an gama rabo, yanzu damina ta yi nisa. An cire Malam daga wakilci, kuma an ce wasu sun daina bin sa salla. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishin Hajiya ina juyowa. Ita ta tsaya mini lokacin da ake cewa mace ba za ta iya ba, da wane ido zan kalle ta? In ma na faɗa, wa zai bi gida-gida a 'Yandoto ya wanke shi?

Jiya Malam ya kira ni. Na ɗauka asirina ne ya tonu. Ashe cewa zai yi ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yana koyon boko da furfurarsa. Ya ce, “Ki yafe mani, ɗiyata, jahilcina ya ɓata maki aiki.” Ni kuwa na buɗe baki na ce ba komai, Baba.

Jama'a, ku dubi Allah ku faɗa mini, me zan yi?