Ku Tsaya a Kan Riga Ɗaya, Kada Ku Sallami Sadisu

Zuwa ga shugabannin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na ƙasar Sin da jikana Sadisu yake yi wa wasa.

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya haƙuri da faɗuwa rukuni na biyu? Allah ya sa iyakarta ke nan.

Kafin na shiga magana, ga kacici-kacici: wace ce ta zura muku ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na bana, ba ta taɓa taka ƙasarku ba, ba ta da takalmin ƙwallo, kuma da sanda take tafiya? Ku riƙe, za mu dawo kansa.

Ni ce Hajiya Dije, kakar mai lamba tara, wannan dogon mai gudu kamar an biyo shi. Ina zaune a Utaiƙa, nan Riyad, wajen ɗana da yake tuƙi a unguwar ofisoshin jakadanci. Sadisu maigidana ne, ni na goya shi, kuma kakar wasa huɗu ke nan ban bar wasansa ya wuce ni ba.

Ƙorafina na farko: ba ku da zama wuri ɗaya. Lokacin da ya zo muku kuna wani gari na bakin kogi, da sunan kamfanin siminti da jar riga. Kuka hau rukuni na ɗaya, na yi guɗa. Shekara ta zagayo aka ce an sayar da ku, kun koma arewa, kun zama shuɗi. Na ƙoƙarta na haddace sabon sunan, harshena har ya kumbura, sai aka ce an hana sunan kamfani, kuka sake wani. Bana kuka zama kore. Ko amarya ba ta canza kaya haka.

Na biyu: idona ya yi rauni, mai sharhi da yarenku yake yi, sunayen kuma da irin rubutunku mai kama da zanen tabarma. Da launin riga kawai nake gane nawa. In na ga rigar, sai na ɗauki carbi na ce Allah ya ba masu wannan launi.

Na uku, wanda shi ne ainihin ƙorafina: ranar wasan ƙarshe, wanda in kun ci za ku tsira, bayan azahar na zauna ni kaɗai gaban talabijin. Na ga masu kore, na ga wani dogon baƙi a gabansu, na ce khalas, shi ke nan, ga maigida. Minti casa'in ina roƙo. Suka ci ɗaya na rangaɗa guɗa, suka ci na biyu na tashi ba sanda, har maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta ƙwanƙwasa ta ji ko haihuwa aka yi. Da masu fari suka rama ɗaya, har tsaki na yi wa wanda ya ci. Ashe Sadisu ne. Ashe a ranar ku ne baƙi a filin wasu, kuka fito da farar riga, ba wanda ya gaya mini.

Yanzu ya ce ba zai ƙara faɗa mini ranar wasa ba. Wannan mai sauƙi ne, zan shawo kansa da dambun nama. Abin da ya dame ni shi ne na ji kuna shirin sallamar 'yan waje saboda faɗuwar. Yaron nan ya ci ƙwallonsa, ya yi nasa.

Don haka ina roƙo: ku bar Sadisu a wurinsa da lambarsa. Ku zaɓi launi ɗaya ku zauna a kai, ko a gida ko a waje. In dole sai kun canza, ku sa ya aiko mini da hoton rigar tun ranar jajibiri. In kun yi haka, ni da carbina muna bayanku har ku koma sama, kun dai ga aikin carbin.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya dawo da ku rukuni na ɗaya, ya zaunar da ku gari ɗaya da suna ɗaya.

Wassalam, taku,
Hajiya Dije, Utaiƙa.

Af, kacici-kacicin: ni ce na ci ku, daga kan dardumata.