Tazargaden Bakin Kogi

Zuwa ga Yaya Hye-ran,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan? Ina fata dai kin daina kinkimar tulun kimci, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, ke kaɗai.

Kin ce kada in ɓoye miki komai game da Umma. Kin san yadda ta koma tun rasuwar Abba, ba ci, ba fita, labule kullum a sake. To, ranar Lahadi ni da mijina Dong-uk muka lallaɓa ta muka kai ta gandun shaƙatawar lardi da ke bakin kogi. Muka kama hanyar hawa dutse, tsofaffi sa'o'inta suna saukowa da sandunansu, kowa sai ya ce mana, "Saura ƙiris!" alhali ko rabi ba mu yi ba. Ta ce ta gaji, za ta jira mu a benci. Mijin nan nawa mai gajen haƙuri ya ce mu ƙarasa wata gada da ke can gaba mu dawo, ni kuma na biye masa.

Muna saukowa, benci wayam. Ga jakarta, ga wayarta a ciki. Yaya, a watan jiya ta ce mini tana yawan jin Abba yana kiranta. Na dubi kogin ya cika yana ambaliya, sai na ce shi ke nan, ta bi shi. Na yi ta ƙwala kira har muryata ta dushe. Na riga na fara tunanin da wane baki zan faɗa miki.

Can ƙasan gangare muka jiyo hayaniya. Ashe Umma ce tsugune cikin ciyawa, hularta cike da tazargade, wani matashin ma'aikacin gandun tsaye a kanta yana cewa, "Kaka, ki yi haƙuri, an hana tsinkar ganye a nan."

Ta ce, "Kai ka shuka, ko gwamna? Tun ba a haifi uwarka ba nake tsinka a bakin kogin nan!" Ta waiwayo ta gan ni ina sharɓar kuka, ta ce, "Ke kuma wa ya mutu? Zo riƙe min hula."

Dong-uk ya yi ta sunkuya wa yaron yana ba shi haƙuri, har ya ƙyale mu. Ni kuwa kunya ko ɗigo ban ji ba.

Jiya da kanta ta je kasuwa, ta dawo ta yi mana miyar tazargade. Gishiri ya yi yawa, hannunta ya manta. Na sha na ƙara.

Ta ce in gaya miki ki zo makon nan kafin ganyen ya tsufa, wai ta hango wani wuri bayan shinge inda babu mai gadi. Ki zo, Yaya. Ki taho da babbar jaka.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Seon-ju