Man Keken Ɗinkina

14 ga Janairu

Baban Kayo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin, yaya hannun daman? 'Yarmu Kayo ta ce kana cin rabin abin da ake ba ka a asibitin na Kushiro, baki kuma har yanzu bai buɗe ba. Ita za ta karanta maka wannan. Ke Kayo, ki karanta yadda na rubuta, ban da gyara.

Babur ɗinka mai ƙafa huɗu ya ƙi tashi. Wayar cok ɗin nan da kake ja kafin ka tayar da shi cikin sanyi ta daskare, na danna da babban yatsa har farcena ya tsage. Sai na yi abin da nake yi wa famfon ƙofar gida, na sheƙa mata ruwan zafi. Nan take ta saki, na kai wa goɗiyarka Komame ciyawa ina jin kaina gwana. Washegari ta ƙame fiye da jiya. Na san da kana iya magana da ka ce wani abu, to ka riƙe abinka.

Kwana uku ke nan ina jan ciyawa da igiya a kan dusar ƙanƙara har hayin rafi. Taraktar maƙwabcinmu Genzo ba ta wuce 'yar gadar nan, ruwan da ba ya daskarewa kuma can yake, ba zan iya dawo da goɗiyar kusa da gida ba. Gwiwata ta kumbura. Kayo ta ji labari, ta kira dillalin dawakai, ta ce in babur bai tashi ba zuwa Litinin zai zo da mota. Ta ce, “Mama, goɗiya ce mai shekara ashirin da shida, ke kuma saba'in da ɗaya. Wacce zan fara rasawa?” Ban ga laifinta ba, amma na kashe wayar. Ni da kai mun san inda dillali yake kai tsohuwar goɗiya, wurin mahauta.

Ranar da aka ɗauke ka, kafin bakin ya rufe, ba ka ce in kula da kaina ba. Cewa ka yi, “Ki riƙe min Komame har in dawo.” Na ji haushi, har yanzu ma ina ji. Amma na amsa.

Ka daure ka ci abinci.

Matarka,
Chizuru

17 ga Janairu

Baban Kayo,

Ina gaishe ka, ina fatan zazzaɓin da Kayo ta ambata ya sauka. Nan sanyi ya ƙaru, har gashin hanci daskarewa yake yi.

Genzo ya zo jiya da safe. Da ya ji zancen ruwan zafi sai da ya zauna a kan buhu don dariya. Ya ce, “Matar Tokuji, ruwa ne ya shiga cikin wayar ya zama ƙanƙara, ke kuma kika ƙara mata wani. Babur ne ko shayi?” Na ce masa in ya gama haƙoransa biyun nan su huta, ya nuna min abin yi. Yatsunsa sun ƙage, ba ya iya riƙe sifana, saboda haka shi baki ni hannu. Na kwance wayar daga hannun babur, na bi ta har kafireto, na zaro ta. Ya ce in rataye ta tsaye kusa da murhu ruwan ya tsiyaye, sannan a ɗiga mata mai marar kauri, don mai kauri shi ma ƙamewa yake yi. Ya ce, “Duba kayan mijinki, ba zai rasa ba. Babur ɗinsa ne kaɗai bai taɓa daskarewa ba a ƙauyen nan, ya kuma ƙi faɗa mana sirrin.”

Na jawo akwatin katakon nan da ke bayan taya a rumfa, wanda ka ce tsofaffin ƙusoshi ne.

Tokuji, kwalaben man keken ɗinkina ne. Sun cika akwatin, an jera su tsaf, duk babu komai ciki sai ɗaya mai rabi. Wasu har da jan zaren da nake ɗaura musu a wuya.

Shekara ashirin duk farkon hunturu sai kwalbata ta ɓace. Shekara ashirin ina cewa ƙanwarka Toshie ce, don ita ma tana ɗinki kuma tana shigowa ba sallama. Ka tuna Sabuwar Shekarar da na faɗa mata a gaban kowa, ta ajiye kwanonta ta tafi cikin dusar ƙanƙara ko mayafi babu? Kana zaune, kanka a sunkuye, kana ɓare lemo. Ta mutu ba mu shirya ba. Kai kuma saboda tsoron bakina ka bari. Na zauna a ƙasan rumfar na yi kuka, Genzo ya ce zai je ya duba taraktarsa, alhali da ƙafa ya zo.

Da yamma na kunna wa Toshie turare a gaban hotonta, na ba ta haƙuri. Kai ban yafe maka ba tukuna. Ka dawo ka ji faɗan da kunnenka, ba ta bakin Kayo ba.

Wayar tana rataye, ruwa mai tsatsa yana ɗiga a tsohuwar jarida.

Taka,
Chizuru

20 ga Janairu

Baban Kayo,

Ina gaishe ka. Ba zan tambayi jiki ba.

Wannan Kayo ba za ta karanta maka ba. A akwatin da za a kwantar da kai zan sa ta, gefen hannun dama, tare da hular aikinka.

Jiya Lahadi da hantsi na ɗiga man daga saman wayar, ɗigo ɗigo, har ya fito ta ƙasa. Na ja ta, ta tafi sumul. Na mayar da ita yadda na ciro ta, na naɗe bakin robar da ya tsage don kada ruwa ya sake shiga. Na ja cok, na danna. Sau biyu ya yi tari, na uku ya kama. Na ɗaura dami huɗu na haye gadar. Komame ta ji ƙarar tun daga nesa, ta fito da gudu irin wanda na manta tana iyawa. Da ta ga ni ce a kai sai ta tsaya, ta leƙa bayana, ta daɗe tana kallon hanya kafin ta sa baki a ciyawar.

Na dawo ina ɗokin in kira Kayo in ce ta sallami dillalinta. Tun daga ƙofa na ji wayar gida tana ƙara. Ta ce ka rasu da ƙarfe goma da 'yan mintuna ne. Na duba, lokacin ina durƙushe ina ɗaure ƙusoshi na ƙarshe, ina zagin ka a raina don ka ɗaure su da ƙarfi tun farko.

Na tambaye ta ko ta karanta maka wasiƙa ta biyun. Ta ce ta karanta ranar Asabar. Da ta zo wurin kwalaben sai ka rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskarka da ke motsi. Ta ce ba ta sani ba ko kuka ne ko dariya. Shekara arba'in da bakwai muna tare, ni ma ban sani ba. Abin da ke cin raina shi ne kalmar ƙarshe da ka ji daga gare ni ita ce ban yafe ba. Na yafe, Tokuji. Tun ina rufe ambulan ɗin na yafe, girman kai ne ya hana ni buɗewa in ƙara layi ɗaya.

Dillalin bai zo ba, Kayo da kanta ta hana shi. Na dafa kabewa da jan wake yadda kake so, za a ajiye maka a wajen kai kamar yadda ake yi wa mamaci. Na sayo sabuwar kwalbar mai ta hannun matar Genzo, na ɗaura mata jan zare, na kai rumfa da kaina.

Gobe da safe za su kawo ka gida. Zan riga su tashi, in haye rafi in jawo Komame, in ɗaure ta a bakin ƙofa inda motar za ta tsaya. Ka ce in riƙe ta har ka dawo. Za ka tarar da ita.

Sai na zo,
matarka Chizuru