Malam, Yaron Ya Fara Magana

Zuwa ga maigidana, Malam Isa Tela, wanda Allah Ya yi wa rasuwa.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa ta ladabi, ina fata Allah Ya haskaka makwancinka. Ni ce Hajara. Ina nan a Unguwar Kanawa, a ɗakuna biyun da suka zama rabona. Na san ba mai kai maka wannan takarda. Amma kai ka tura ni ajin yaƙi da jahilci, kai ka riƙa gyara mini baƙaƙe a ƙofar ɗaki, saboda haka kai ne farkon wanda ya kamata na rubuta wa. Idan wata mai irin halina ta karanta, ba laifi.

Akwai labarin da nake so ka ji. Kafin na kai gare shi, bari na tuna maka hanyoyin da muka bi, don kwanakin nan su nake ta juyawa a raina.

Ka tuna shekarar da muka daina zuwa wurin masu magani. Ka dawo daga kasuwa da la'asar, ka jingine kekenka, ka ce haihuwa ta Allah ce, amma riƙo a hannun mutane yake, mu nema. Daga ranar ba ka sake barin kowa ya kawo mini jiƙo ba.

Muka fara da gida, kamar kowa. Ƙaninka Sule na Zariya ya ba mu Binta ranar da aka yaye ta. Kowa ya ce wannan ce hanya mafi sauƙi: jininka ce, an san asalinta, ba alƙali ba takarda. Ta zo tana kuka, ta ƙi tuwo, sai koko da cokali. Kai ka ɗinka mata riga da ragowar atamfar wata mata, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo don kana sauri ta sa kafin Sallah. Ni kuwa tun ba ta yi wayo ba na fara tara mata kwanuka, don an ce wanda ya riƙe shi ke aurarwa.

Ba wanda ya faɗa mana cewa abin da zumunci ya bayar, saɓani yana iya karɓewa. Da kuka sami matsala da Sule a kan gonar mahaifinku, ba gonar ya fara tambaya ba, 'yarsa ya aiko a ɗauka. Ta riga ta fara zuwa makarantar allo, ta iya share tsakar gida. Na raka su tashar jirgi. Tana ta leƙowa ta taga tana tambayata ko jibi zan zo. Na ce mata i. Da na dawo na tarar ka rufe shago tun azahar, kana zaune a zaure.

Sai hanyar asibiti. Wata ungozoma, maƙwabciyarmu, ta ba mu labarin jaririn da aka sauke uwarsa daga jirgi tana naƙuda, ta rasu ba a san sunanta ko garinsu ba. Muka je. Baturiyar da ke kula da ɗakin jarirai ta ɗora mini shi a hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Malam, amma ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Aka ce sai mun kawo shaidar mai unguwa, mun tsaya gaban alƙali, kuma mu san madarar gwangwani zai sha har ya yi ƙwari. Ka ce madara ba matsala ba ce, ko da za ka ƙara ɗinkin kakin 'yan makaranta.

Maganar alƙali ce ta tsaya maka. Ya yi mana nasiha mai kyau, ya ce riƙon maraya lada ne babba, amma ba zai ɗauki sunanka ba, ba zai gaje ka ba, sai dai abin da ka ba shi da hannunka ko ka yi wasiyya. 'Yan'uwanka kuma suka ce yaron da ba a san ubansa ba, gori zai sha har ya tsufa. Ba ƙin sa ka yi ba, na sani. Tsoro kake ji ka mutu a kore shi daga gidan da ya ɗauka nasu ne. Ka ce mu ƙara tunani. Muna cikin tunani aka kai shi gidan marayu na mishan, can nesa. Su ma ba su yi laifi ba, jariri ba ya jiran shawarar manya.

Ta ukun ba na son tunawa, amma ka ji ta da kunnenka. Dillaliyar nan mai kawo mini zannuwa ta ce za ta samo mini jariri daga wani ƙauye, in dai za a ba ta tukuici mai kauri. Dabararta ita ce na tafi ƙauye na yi watanni, na dawo da goyo, a yi suna, a yanka rago, a kira shi ɗanka. Ba mai karɓewa, ba mai gori. Raina ya so. Kai kuwa kana daga zaure ka yi tambaya ɗaya: uwarsa tana raye? Ta fara kame-kame. Ka ce ta kwashe zannuwanta, kada ta sake taka mana gida. Na yi fushi, ka bar ni na huce. Daga baya muka ji 'yan sanda suna neman ta.

A daminar da ta biyo baya tari ya kama ka. Kana kwance ka ce mini, Hajara, mun daɗe muna auna hanya, ga shi rana ta yi. Ka ce na yafe maka. Ban ga abin yafewa ba, har yau ban gani ba.

Bayan na fita takaba gidan ya yi mini girma. Nakan ɗora tukunya na ga na auna na mutum biyu. Keken ɗinkinka na dawo da shi ɗaki, ina yi wa mata ɗinki, ƙararsa ce kawai muryar da ke gidan. Wani lokaci sai na yini ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da itace.

To, ga labarin. A bakin famfo na gamu da wata yarinya, Asabe. Mijinta leburan jirgi ne, ya rasu, mai gidan haya kuma yana son ɗakinsa. Ga goyo, namiji, sunansa Musa. Danginta suna nesa, ba ta da ko na mota. Ta ji labarina a unguwa, sai ta ce in ina so ta bar mini shi, ita ta tafi neman aikatau. Tana faɗa tana ƙara ɗaure majanyi. Na dubi hannuwanta, na ce ba zan karɓi yaro ba sai da uwarsa.

Haka aka yi. Mai unguwa kawai na sanar wa. Na ba ta ɗaki guda. Tana yi mini ƙulle-ƙullen maɓalli, ina goya Musa. Tuwon ya ragu kaɗan, ba wanda ya kwana da yunwa. Zai riƙa kiran ta Inna, ni kuma za a koya masa Iya. Sunan ubansa yake ɗauke da shi, kuma zai san ko shi wane ne.

Wannan ma da nata haɗarin, ba na ruɗin kaina. Asabe yarinya ce. Akwai wani mai gyaran keke da ya fara aiko da gaisuwa, kuma mutumin kirki ne. Ranar da za ta tashi, da ɗanta za ta tashi, ni kuma zan raka su da hannuna. Na daina neman wanda ba za a karɓe ba, Malam. Ban ga irinsa ba a duniyar nan.

Shekaranjiya da hantsi ina ɗinki, yana zaune a tabarma yana wasa da ƙyalle. Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zaure, ya ce Baba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Asabe ta tsaya da tsintsiya a hannu. Uban da ya haife shi ba ya nan, kai ma ba ka nan. Ya zuba wa ƙofar ido yana jira a amsa.

Sai na amsa masa a madadinka. Na ce na'am.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sa aljanna ce makomarka. Allah Ya raya Musa, Ya raya Binta a inda take, Ya raya wancan da ban san sunan da aka sa masa ba. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa na cika da imani, Ya haɗa fuskokinmu.

Na bar ka lafiya.

Matarka,
Hajara